Ciyawar ado a harabar gida: a ci gaba da shayar da ita, ko a koma ga tsirran asali?

Maman Yara:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara uku ke nan da muka shimfiɗa ciyawar ado a harabar gidanmu, a filin da tsawonsa mita goma ne, faɗinsa ma goma. A shekarar farko ta yi kyau ƙwarai, har baƙi sukan tsaya su yaba. Tun daga rani na biyu kuwa abin ya zame mana ɗawainiya: safe da yamma ana ba ta ruwa, duk bayan 'yan makonni a zuba taki a fesa maganin ciyawa, amma duk da haka akwai wuraren da suka yi ja kamar an babbake su. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a watan jiya sau biyu tankinmu yana ƙarewa da tsakar rana, muka rasa ruwan wanki, alhali ciyawa ta sha nata tun da asuba. Wata ƙawata ta ce in tumɓuke ta baki ɗaya in shuka tsirran da asalinsu na yankin ne, waɗanda suka saba da ruwan saman wurin. Maigidana kuma ya ce idan aka yi haka yara sun rasa wurin wasa, ƙura ta dawo mana cikin ɗaki. Masu sani, ina mafita?

Injiniyan Ruwa:

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kafin a shiga batun tumɓukewa, bari mu fara da lissafi, domin yawancin masu ciyawa ba su san ko lita nawa suke zubarwa ba. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce ciyawar ado tana buƙatar ruwa mai zurfin kusan milimita 25 a mako a lokacin da take girma, a haɗa da abin da ruwan sama ya kawo. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Filinki murabba'in mita 100 ne, saboda haka yana shan lita 2,500 a mako idan an bi ƙa'ida, kuma a tsananin zafi da busasshiyar iska buƙatar takan haura haka. Domin ki ga girman wannan adadi, lokacin da birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya kusa ƙafewa a 2018, an ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, wato lita 350 a mako. Ciyawarki ke nan tana shan rabon mutum bakwai.

Ina kuma kyautata zaton kina ba ta fiye da haka. Ga yadda za ki gane: ki samo gwangwanaye biyar ko shida masu miƙaƙƙen gefe, ki jera su a wurare dabam-dabam a cikin ciyawar, ki kunna abin feshin na minti goma sha biyar, sannan ki sa ruler ki auna ruwan da ya taru a kowanne. Ki dawo mana da abin da kika gani.

Baba Mai Lambu:

'Yata, na shafe fiye da shekara talatin ina kula da filayen ciyawa, kuma tun kafin ki gama bayani na gane ciwon. Ba ciyawar ce ke da laifi ba, yadda ake shayar da ita ne. Idan kina yayyafa mata ruwa safe da yamma, saman ƙasa kaɗai ke jiƙa, saiwa kuma inda danshi yake nan take tsayawa. Ki ɗauki wuƙa ki yanko ɗan gutsure daga wurin da ya yi ja, ki ɗaga shi. Za ki tarar saiwar ba ta fi tsawon yatsa ba, ta dunƙule kamar tabarma, ƙasan ta kuwa busasshe ƙayau. Irin wannan ciyawa idan ta kwana biyu ba ruwa sai ta langaɓe, domin an koya mata zaman jira.

Abin da ya dace shi ne a ba ta ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe, har ya ratsa ƙasa kamar tsawon tafin hannu, sannan a ƙyale saman ya bushe domin saiwa ta bi ruwan zuwa ƙasa. Bayin tsakar rana wani kasonsa iska da rana ke kwashewa, na dare kuma yakan bar ganye a jiƙe har gari ya waye, wanda shi ke jawo cutar fumfuna. Sai batun yanka. Masu aiki suna son aske ciyawa ƙwal domin kada su dawo da wuri, alhali ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka guda. Ciyawa mai ɗan tsawo tana yi wa ƙasarta inuwa, tana kuma hana baƙin ciyayi samun hasken tsirowa. Abin da aka yanke ma a bar shi a wurin ya ruɓe, taki ne. Wuraren da suka yi ja ɗin nan, idan bayan zuba takin zamani suka bayyana, to ƙuna ce ta taki, gishirinsa ne ya tsotse ruwan saiwa.

Ni dai ba na goyon bayan a tumɓuke. Ciyawa tana sanyaya gida, tana riƙe ƙasa idan an yi ruwa mai ƙarfi, kuma babu wani tsiro da yake jure ƙafar yaro mai gudu kamarta.

Ɗalibar Ilimin Tsirrai:

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa game da shayarwa gaskiya ne, amma ina ganin ya kamata mu tambayi inda wannan tsari ya samo asali. Shimfiɗaɗɗiyar koriyar ciyawa ta bunƙasa ne a gidajen masu sarauta da attajiran Faransa da Ingila a ƙarni na 17 da na 18, inda yanayi yake da sanyi kuma yayyafi ke sauka kusan kowane wata. Alama ce ta cewa mai gida yana da filin da ba ya buƙatar nomawa, da kuma ma'aikatan da za su yanke shi da lauje. Sai a 1830 wani injiniya ɗan Ingila, Edwin Budding, ya ƙirƙiro injin yanke ciyawa, abin ya sauko hannun masu matsakaicin ƙarfi, daga baya unguwannin bayan gari na Amurka suka mayar da shi kamar wajibi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan aka kwafe shi zuwa wuraren da ake yin wata shida ko fiye ba ɗigon ruwan sama. Abin da sama take yi kyauta a can, mu da famfo da tanki muke yin sa.

Akwai kuma asarar da ba a gani a takardar kuɗin ruwa. Filin ciyawa iri ɗaya tak, wanda ake askewa kafin ya yi fure kuma ake fesa wa magani, kusan ba ya ciyar da komai. Ƙwari da yawa masu cin ganye ba sa iya rayuwa sai a kan tsirran da suka daɗe tare da su. Misalin da aka fi sani shi ne malam-buɗe-littafin nan na Arewacin Amurka da ake kira monak, wanda tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen wasu tsirrai masu farin ƙaro, dangin tumfafiya. Idan babu tsiron babu tsutsar, idan babu tsutsotsi kuma ƙananan tsuntsaye sun rasa abin da za su ciyar da 'ya'yansu, domin ko masu cin tsaba da yawansu da ƙwari suke renon 'ya'ya. Tsiron asali ya riga ya san lokacin ruwa da lokacin fari na wurinsa, da yawansu saiwarsu tana nutsawa ƙasa sosai, kuma ba sa jiran taki daga buhu. Ni a ganina ƙawar Maman Yara ta faɗi gaskiya.

Malamin Gona:

Ina tare da ɗalibarmu a mafi yawan maganarta, sai dai ina so in ja hankali a kan kalmar nan "asali", domin ana yawan ɗaukarta kamar sunan wani rukunin tsirrai ne masu albarka a ko'ina. Ba haka ba ne. Tsiro ɗan asali ne a wani wuri, baƙo ne a wani. Kowa ya san gamba, ciyawa ce ta Afirka mai amfani wadda ba ta damun kowa a inda ta fito. An kai ta arewacin Ostireliya a shekarun 1930 domin kiwon shanu, ta fantsama cikin daji, tana kai tsawon mita huɗu, kuma gobarar da take ci da ita tana da zafin da ke kashe itatuwan wurin, har a 2008 hukumomin yankin suka ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa. Haka nan darbejiya, wadda mutane da yawa suke ɗauka tamu ce tun fil'azal, asalinta yankin Indiya ne. A ɗaya gefen kuma, ciyawar da ake shimfiɗawa a filayen wasa da sunan Bamuda ita ce dai kiri-kiri, kuma ba daga tsibirin Bamuda ta fito ba, tsohuwar 'yar Afirka ce da maƙwabtanta. Saboda haka yana yiwuwa ciyawar ado ta zama ita ce 'yar gida a wani wuri, furen da aka sayo domin maye gurbinta ya zama shi ne baƙo.

Wannan ya kai ni ga tambayar da ban ga an yi wa Hajiya ba: wace irin ciyawa ce a filin? Ciyayin ado gida biyu ne. Akwai na yanayin sanyi, akwai na yanayin zafi irin su kiri-kiri da kikuyu da zoyisiya. Na zafin suna sarrafa ruwa da tattali fiye da na sanyin, kuma kiri-kiri idan fari ya tsananta sai ta yi launin ƙasa ta kwanta barci, jijiyoyinta na ƙarƙashin ƙasa suna raye, ruwa na sauka ta farfaɗo. Mutane da yawa suna zubar da dubban litoci ne domin hana ciyawa yin barcin da ba zai kashe ta ba. Wanda ya yarda filinsa ya yi ja na 'yan watanni, yana ba shi ruwa jefi-jefi domin jijiya ta rayu, ya rage kaso mai tsoka na ruwan ba tare da ya tumɓuke komai ba.

Kada kuma a ce wa Hajiya tsirran asali ba sa buƙatar ruwa. A shekarar farko, wani lokaci har ta biyu, sai an shayar da su an kuma yi musu cira da hannu kafin su kafu. Na ga gidaje da dama inda aka dasa su a tsakiyar rani aka juya baya, suka mutu, mai gida ya yanke hukuncin cewa duk maganar ƙarya ce.

Baba Mai Lambu:

Malam ya taɓo inda nake so. Bari in ƙara da abin da idona ya gani. Wani gida da na yi wa aiki shekaru, aka zuga mai gidan ya kwashe ciyawa ya zuba tsakuwa da 'yan tsirrai masu ƙaya nan da can. Da rani ya zo, tsakuwar nan ta riƙa ɗaukar zafi tana mayar wa bango, ɗakin da ke fuskantar wurin ya gagari kwana har tsakar dare. Babbar bishiyar da ke gefen filin kuma, wadda shekara da shekaru take sha daga ruwan ciyawar, ta fara zubar da ganye daga sama, domin babu wanda ya tuna cewa saiwarta tana ƙarƙashin filin. Ciyawar roba ma da ake tallatawa ba ta fi ba, da rana tsaka ba a iya taka ta da ƙafa ba takalmi. Sannan ina tambayar 'yata ɗaliba: gidan da ke da ƙananan yara, idan aka cika shi da dogayen ciyayi da duhuwa, wa zai ɗauki alhakin maciji da kunama?

Ɗalibar Ilimin Tsirrai:

Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan ce haɗarin babu shi ba. Amma shuka tsirran asali ba yana nufin a bar gida ya koma daji ba. Ana tsara su a kwali-kwali, wato ƙananan fangaloli masu iyaka, a zaɓi gajeru a kusa da hanya da wurin wasa, a bar fili a share tsakaninsu da bangon ɗaki, kada a tara itace ko duwatsu inda ɓera zai yi gida, tun da abinci da maɓoya ne ke kawo maciji. Batun tsakuwa kuwa na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Tsarin lambu mai tattalin ruwa da hukumar ruwan birnin Denba ta Amurka ta yayata tun 1981 bai ce a mayar da gida filin duwatsu ba, cikin ƙa'idojinsa har da barin ciyawa daidai gwargwadon amfani, da gyara ƙasa, da rufe ta da busasshen ganye ko ɓawon itace. Inuwar bishiya da ƙasa a rufe su ne ke sanyaya gida da ruwa kaɗan.

Inda ba zan sassauta ba shi ne maganin feshi. Kafin a fara sayar da maganin kashe ciyayi mai suna 2,4-D a tsakiyar shekarun 1940, ana haɗa irin kuloba, wani ɗan gajeren tsiro dangin wake, a cikin irin ciyawar ado da gangan, domin ƙwayoyin halittar da ke saiwarsa suna kamo naitirojin daga iska su ciyar da ƙasa. Da magani ya zo yana kashe duk mai faɗin ganye, sai aka sanya kuloba a sahun ciyayin banza, aka koma sayen takin da a da yake bayarwa. Abin da ciyawa ba ta sha ba na takin nan ruwa ke wanke shi zuwa magudana da tafkuna, ya haifar da gansakuka mai shaƙe kifi, wani kuma ya tsiyaya ƙasa zuwa ruwan rijiya. Game da gilaifoset, wani maganin kashe ciyayi da ake yawan fesawa, a 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai kuma suka ce ba su ga haɗarin ba idan an bi ƙa'idar amfani. Masana ba su daidaita ba, amma Faransa ta hana masu lambun gida amfani da magungunan feshi na sinadari tun 2019. Filin da yara ke birgima a kai, mai murabba'in mita 100 kacal, ana iya cire baƙin ciyayinsa da hannu a yammaci ɗaya.

Injiniyan Ruwa:

Ina ganin Baba da ɗaliba sun fi kusa da juna fiye da yadda suke zato, kuma abin da aka yi a jihar Nebada ta Amurka zai nuna haka. Birnin Las Begas yana samun ruwan sama kusan milimita 100 kacal a shekara, kuma kusan duk ruwan shansa daga tafkin Mid na kogin Kolorado yake zuwa, tafkin da ya yi ƙasa sosai saboda dogon fari. A 2021 jihar ta yi doka cewa daga farkon 2027 ba za a ƙara shayar da ciyawar da ba ta da aiki da ruwan kogin ba. Ba su taɓa filayen wasa da wuraren shaƙatawa da gidajen iyali ɗaya ba. Abin da suka nufa shi ne ciyawar tsakiyar titi, da ta gaban ofisoshi, da ta bakin wuraren ajiye motoci, wadda ba mai taka ta sai mai yankanta. Hukumar ruwan yankin ta ƙiyasta cewa kowane murabba'in mita da aka mayar zuwa tsirran hamada masu shan ruwa ta ɗigo yana ceton fiye da lita 2,000 a shekara. Kalifoniya ma ta yi makamanciyar dokar a 2023.

Wannan rarrabewar ita nake so Hajiya ta kai gidanta. Ta zauna da yamma na kwana uku ta lura da inda yara suke wasa a zahiri, ta sa duwatsu ta yi wa wurin alama.

Maman Yara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi gwajin gwangwani jiya. Na kusa da abin feshin ya tara milimita 9 a minti goma sha biyar, na can kusurwa bai kai 3 ba, kuma wani kaso na ruwan a kan daɓen siminti yake sauka ya gangara waje. Mu kuwa minti ashirin muke kunnawa safe da yamma, kullum. Da na lissafa sai na ga tsakiyar filin yana samun fiye da ninki shida na abin da Injiniya ya faɗa, jikina ya yi sanyi. Na kuma yanko gutsuren da Baba ya ce, saiwar ko tsawon ɗan yatsana ba ta kai ba. Mai kula mana da filin ya tabbatar cewa kiri-kiri ce.

Game da wurin wasa, yaran ba sa wuce ɓangaren da inuwar bishiya take kaiwa da la'asar, wanda bai fi kashi ɗaya cikin uku na filin ba. Dogon zirin da ke bin katanga, inda ciyawar ta fi ƙonewa, ban taɓa ganin kowa a kansa ba. Mun yi shawara da maigida za mu bar wurin wasan mu gyara shayarwarsa, mu daina feshi, sauran kuma mu mayar da shi kwalin tsirrai a hankali. Malam, yaya ake fitar da kiri-kiri daga wuri ba tare da magani ba, kuma yaushe ya kamata in fara?

Malamin Gona:

Hajiya, sai kin yi haƙuri da ita, domin kiri-kiri tana da taurin kai, kowane ɗan guntun jijiya da ya rage a ƙasa sabon tsiro ne. Kada ki bari a sa injin huɗa a wurin, zai daddatsa jijiyoyin ne ya yaɗa su. Ki fara da zirin katangar kaɗai. A shayar da shi sosai, a aske ciyawar har ƙasa, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefunanta da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta mako shida zuwa takwas a lokacin da rana ta fi zafi. Bayan an yaye, a bi da cokalin haƙa a tsince jijiyoyin da suka tsira, a sake ba wurin ruwa a jira mako biyu a ga abin da zai ɓullo. Kada a shimfiɗa ledar a kan saiwar bishiyar, kuma idan an rage bayin filin a riƙa ba bishiyar nata ruwan dabam, mai zurfi, a daidai inda rassanta suka ƙare.

Tsakanin ciyawar da za ki bari da sabon kwalin a binne shinge na bulo ko ƙarfe mai zurfin aƙalla taƙi ɗaya, a kuma riƙa datse duk reshen da ya tsallako. Dashen kansa a yi shi da faɗuwar damina, a haɗa masu son ruwa iri ɗaya wuri guda, a rufe ƙasa da busasshen ganye mai kauri kamar yatsu huɗu ba tare da ya taɓa gindin tsiro ba. Wajen zaɓen iri, ki nemi sunan kimiyya na kowane tsiro kafin ki saya, ki kai wa sashen nazarin tsirrai ko ma'aikatan gandun daji mafi kusa da ke su tabbatar miki ɗan yankin ne.

Baba Mai Lambu:

Ƙari ɗaya, 'yata. Kada ki yanke wa wurin wasan ruwa dare ɗaya, saiwar ba ta shirya ba. Mako biyu na farko ki koma sau ɗaya a rana, sannan kwana ɗaya a tsakani, sannan sau biyu a mako, kina tsawaita lokacin kowane bayi. Idan kika taka ciyawar da yamma sawunki ya tsaya bai tashi ba, ta ji ƙishi, ki ba ta da asuba. Ki kuma gaya wa mai yanka ya ɗaga wuƙar injin.